A DAINA YANKA FILAYEN WASAN MAKARANTU

Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin hukuma da iyaye game da darasin motsa jiki a makarantun sakandare.

Ni dai manomi ne, da rani kuma in taɓa tireda. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da yara uku a sakandare, kuma nakan duba littattafansu. Darasin nan yana cikin manhajar ƙaramar sakandare, har jarrabawarsa ake yi. To amma a allo kawai ake koyar da shi. Yaro ya haddace tsawon filin ƙwallo da faɗinsa, alhali bai taɓa zagaya filin da gudu ba. In lokacin darasin ya yi, sai a ba su tsintsiya ko a ce su je su cire ciyawa. Haba jama'a! Yaushe aka taɓa koyon noma a kan tabarma?

Babban abin takaicin shi ne filin ma ana ta cinye shi. A wata makaranta da ke kusa da mu, an yanki gefen filin an jera shaguna. Ni mai neman shago ne, amma wallahi ko kyauta aka ba ni a nan ba zan karɓa ba, don haƙƙin yara ne.

Wani zai ce ai ɗan ƙauye noma ya ishe shi motsa jiki. To noman wata nawa ne a shekara? Yaran birni kuma fa, da 'yan mata? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Yanzu kuwa da an tashi makaranta sai waya da gidan kallo. Ƙarfin da yaro bai zubar a fili ba, zai je ya zubar da shi wajen daba da shaye-shaye.

A tuna, a 1996 Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta, da su Tijjani Babangida da Garba Lawal 'yan Kaduna, Chioma Ajunwa kuma ta ci zinare a dogon tsalle. Amma a ta Faris a 2024 ko tagulla ba mu samo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi da su hana taɓa filin kowace makaranta. A ɗauki malaman da suka karanci fannin, tunda ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da kwalejojin ilimi. In an ce ba kuɗin kayan wasa, to langa da kokawa da tsere kuɗin me suke ci? Langa da kokawa ma ai ana yinsu a gasar wasanni ta ƙasa. 'Yan mata kuma a ware musu lokacinsu da malama mace, cikin sutura ta mutunci, don hankalin iyaye ya kwanta.

Mu kuma iyaye, in an kira taron iyaye da malamai mu je mu yi magana, kada mu tsaya ga biyan kuɗi kawai. Lafiya uwar jiki ce, kuma yaron da ba shi da ita ba ya karatu.

Allah Ya sa kunnen da ya dace ya ji, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi daga Jihar Kano.