Shaidar fyaɗe ba kayan kasuwa ba ce

'Yan uwa matasan Gaya, yau maganar da ake rufe ƙofa kafin a yi ta za mu yi a fili.

Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, lokaci ne abu na farko da ke kuɓucewa. Maganin kariya daga cutar Sida sai an fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Na hana ɗaukar ciki ba ya wuce kwana 5. Alamun da ke jiki da tufafi kuwa, wanka ɗaya da wanki ɗaya sun isa su tafi da su. Amma a waɗannan awoyin me muke yi? Ana zaune a zaure ana "a rufa asiri", ko ana neman rancen kuɗin asibiti. Kafin a gama, wanda ya yi aika-aikar ya haye gada zuwa Malanville ko ya kama hanyar Kamba.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, bayan gyaran 2003, ta yanke wa mai fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20. To amma alƙali da shaida yake aiki, kuma babbar shaida ita ce takardar likita. In sai mai kuɗi ne zai same ta, ashe 'yar talaka ta faɗi shari'a tun ba a shiga kotu ba.

A Amurka, dokar tarayya ta 2016 ta ce kada a karɓi kuɗin wannan gwaji daga wadda aka cuta, kuma a adana shaidar. Ba haka kawai suka wayi gari ba: a 2009 an gano kwalayen shaida sama da 11,000 jibge a wani sito a Detroit, ba a taɓa auna su ba. Da wani kamfani ya fara tallar kwalin "ɗauki shaidarki a gida" a 2019, hukumomin jihohin Michigan da New York suka taka masa birki, don shaidar da ba a san hannun da ta bi ba, lauya cikin sauƙi zai rushe ta.

Mu nan kwalinmu shi ne mai tallar magani a tire. Uwa ta ji kunyar asibiti, ta sayi ƙwayar da ta sha rana a tasha, ta ɗauka ta kare 'yarta.

Abin da muke nema a bayyane yake: gwaji, magani da takardar likita su zama kyauta a rubuce cikin doka, a horar da ungozomomi ɗaukar shaida, a ajiye ta da lamba da sa hannu.

Ku kuma, in abin ya faru kusa da ku: a nufi asibiti tukuna. Tufafin a sa su cikin takarda, ba leda ba. Kada a bari dare ya kwana.