MOTAR KASUWA ITA CE JIRGIN TALAKA

Jama'a, yau maganarmu a kan dokar fashin jirgin sama take. Mun san wani zai ce, ina ruwan mai sayar da gero a kasuwar Tsafe da jirgin sama, shi da ko tsaninsa bai taɓa takawa ba? To, a saurara, da ruwansa.

Ran 25 ga Oktoba 1993 waɗansu samari huɗu suka yi fashin jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Ikko za shi Abuja, suka tilasta shi sauka Yamai, wai don fushin soke zaɓen 12 ga Yuni. Kwana uku kacal aka yi jami'an tsaron Nijar suka far musu. Aka rasa ran ma'aikacin jirgi guda, aka kuɓutar da sauran, samarin kuwa sai da suka yi shekara tara a kurkuku. Ba mu ce an zalunce su ba, ko kusa. Duk wanda ya tsare bayin Allah da ƙarfi ɗan fashi ne, ko da wane suna ya kira kansa. Tun 1970 ƙasashen duniya suka taru a birnin Hague na ƙasar Holan, suka ƙulla alkawari cewa duk ƙasar da ɗan fashin jirgi ya faɗa hannunta, ko dai ta gurfanar da shi, ko ta miƙa shi. A dokar Nijeriya kuwa hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. Madalla da wannan doka.

Amma shin su wa ke shiga jirgi? Mu dai namu jirgin shi ne a-kori-kura da motar kasuwa. Sau nawa aka tare su tsakanin Tsafe da Funtua, ko a hanyar Bungudu, aka kora fasinja daji kamar awaki? Wane taron ƙasashe aka yi dominsu? Abin da muka sani shi ne dangi su sayar da gona da shanun huɗa, su haɗa kuɗin fansa, su kai da ƙafarsu.

Ku dubi abin da mahukunta suka yi a nan Zamfara. Da aka sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, sai Gwamnatin Tarayya ta hana jirage ratsa sararin jihar. Ɓarayi na bisa babura, ita tana gadin gajimare! Ran 18 ga Yuli na shekarar nan kuma ɓarayin suka harbo jirgin yaƙin soja, matuƙinsa ya tsira da kyar. Ashe wutar da aka bari tana cin ƙasa, ko sama ba za ta bari ba.

Sa'an nan a Satumba aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, aka yanke layukan waya. Wa ya sha wuya? Mai tireda, da dillali, da ɗan dako, da matar da ke tuyar ƙosai ranar kasuwa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ga wadda ta fi su ciwo. A Yulin 2022 aka naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoto, ƙasar Tsafe, alhali 'yan sandan Katsina na nemansa ruwa a jallo, har sun sa ladan Naira miliyan 5 a kansa. Sai da duniya ta yi caa kana aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Wanda ya tare jirgi ya sha kurkuku, wanda ake tuhuma da jinin talakawa ya sha rawani. Haba!

Kada a ce mana ai ba doka. A wannan shekara ta 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar da ta yanke hukuncin kisa ga ɗan fashin daji da mai satar mutane. Duk da haka a Satumban 2023 aka shiga Sabon Gida, ƙasar Bungudu, aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Manyan daji nawa kuka ga an tsayar gaban alƙali? Dokar da ke kwance cikin takarda ba ta raka kowa kasuwa.

Abin da muke nema ba shi da wuya. A ɗauki tare mota daidai da tare jirgi. Duk wanda aka kama a kai shi kotu a bainar jama'a, a faɗa mana sunansa da hukuncinsa. A sa masu tsaro su raka motoci kowace ranar kasuwa. Kada a sāke rufe mana kasuwa saboda laifin wani, kada kuma a sāke yi wa mai kisa sarauta da sunan sulhu.

Muna biyan kuɗin rumfa, muna biyan kuɗin tasha, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. 'Yan'uwa talakawa, in masu neman ƙuri'a sun zo da sabulu da atamfa, ku tambaye su abu guda: ran da ke cikin jirgi da ran da ke bayan a-kori-kura, wanne ne Allah ya ce ya fi wani?