Koyar da Kiɗa Ma Sana'a Ce, a Daina Biyanmu da "An Gode"

'Yan'uwana ɗalibai, mu da ke shekarar ƙarshe ta difloma mun san abin da ke jiranmu: shekara guda ta koyon aiki kafin a ɗauke mu babbar difloma, kuma wurare da yawa ko kuɗin mota ba sa ba ɗan koyo. Shi ya sa kowa ke laluben abin da zai riƙe kansa, wani ɗinki, wani gyaran waya, wani lesin lissafi. Ni fiyano nake koyarwa a Muciya, kuma ra'ayina shi ne wannan sana'a ce kamar kowace. A biya mai yin ta, shi kuma ya yi ta yadda za ta cancanci biya.

Masu son koyo ai suna nan. Da wuya ka shiga coci a Sabon Gari ko Samaru ba ka tarar da fiyano ba, kuma waƙoƙin Kannywood da na biki da shi ake haɗa kiɗansu a situdiyo. Sai dai manyan wuraren koyo suna nesa da mu. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makaranta da jarrabawa mataki-mataki. Yaron Muciya kuwa ba Legas zai tafi ba, maƙwabcin da ya iya zai nema.

To a nan gizo ke saƙar. Uwar da ke biyan malamin lesin duk wata ba gardama, ita ce za ta ce, "Ɗana, zo ka ɗan nuna wa ƙanenka mana." Ka yi wata uku kana zuwa, ladanka "an gode". Wallahi ba rowa ba ce, tana ganin abin wasa ne. Alhali fiyano ƙarami mai maɓallai 61 ma da kuɗi ake sayensa, idan ba wuta kuma sai batir ko janareta.

Kada wani ya ce a gargajiyance kyauta ake koyon kiɗa. Yaron makaɗi shekaru yake yi yana bin ubangidansa, yana ɗaukar kaya, yana amshi, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Da hidima yake biya. Irin wannan gida ne ya ba mu Garba Liyo mai goge da Ahmadu Doka mai kukuma. Shi ma gogen Turawa da ake kira biyolin ɗan'uwan namu ne. Nasu tsirkiya huɗu, namu ɗaya, amma duka biyun ba su da alamar inda za ka ɗora yatsa, kunne ne ke nuna maka. Shi ya sa ba a koyonsa ba malami a kusa.

Amma fa mai son a biya shi sai ya yi tsari. Yaro ɗan shekara bakwai minti 30 ya ishe shi, babba ya kai 45. A ajiye littafi ana rubuta abin da aka koya da aikin gida, don minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai. A wuce do-re-mi, a koya wa ɗalibi karanta rubutun kiɗa mai layi biyar. Idan biyolin ne, akwai rabi da kwata na yara, kada a ɗora wa ƙaramin hannu na manya. Dattijo ma ya zo, gemu ba ya hana ilimi, sai dai shi kunyar kuskure ke cinsa, don haka a bi shi a hankali. Yara kuwa a falo ake koya musu, ƙofa buɗe, wani babba na gidan yana nan. Maganar kuɗi a gama ta tun ranar farko. A ce naira 2,000 duk zama, ɗalibai biyar, sau ɗaya a mako: 40,000 ke nan a wata.

Na san a cikinmu akwai waɗanda fahimtarsu ta addini ba ta yarda da kiɗa ba. Ina girmama hakan, ba kuma wanda nake kira ya sauya. Da wanda ya riga ya aiko ɗansa nake magana: tunda ka ga amfanin abin har ka nema, ka biya haƙƙin mai koyarwa.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu guda biyu ne. Su nema mana aji ɗaya da ba a amfani da shi da yammacin Asabar, su kuma buɗe rajistar ɗalibai masu koyar da sana'a, kiɗa a ciki, yadda iyaye za su san wanda suke ba amanar 'ya'yansu. Ku kuma da kuka iya fiyano ko goge kuke jin nauyin faɗin farashi, ku faɗa kawai. Mai ɗinki ba ya jin kunyar faɗin nasa.