Tausar Ƙafa Ga Mai Juna Biyu: Amfaninta Da Iyakarta

A Mainika ta Ƙaramar Hukumar Gwarzo, da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, idan ciki ya tsufa ƙafafu suka kumbura, akan sami uwa ko ungozoma ta zauna da man shanu ko man kaɗanya tana yi wa mai cikin tausa. Wannan al'ada ce mai kyau wadda bai kamata a yar da ita ba. Sai dai a 'yan shekarun nan ana ta yaɗa cewa tausar tafin ƙafa tana maganin hawan jini ga mai juna biyu. Wannan magana tana buƙatar a auna ta da ma'aunin kimiyya, domin rai biyu ne a cikin lamarin.

Da farko, tausa tana da amfani na haƙiƙa. Idan mutum yana cikin fargaba, jikinsa yakan saki wani sinadari mai suna adirenalin, wanda ke sa zuciya ta ƙara bugawa, jijiyoyin jini kuma su tsuke. Tausa mai taushi tana kwantar da hankali, bugun zuciya ya lafa, barci ya zo da sauƙi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan an ga awon jini ya ɗan sauka bayan tausa. Amma saukar kaɗan ce, kuma ta ɗan lokaci ce.

Hawan jinin da ke kashe masu ciki kuwa daga mabiyiya yake tasowa. Idan jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba, sai ta saki wasu sinadarai da ke lahanta jijiyoyin jinin uwar a ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. Likitoci suna gane cutar ne idan awon jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20 da shigar ciki, sannan aka sami furotin a cikin fitsari. In aka yi sakaci, sai ta rikiɗe ta zama jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, har a ɗora wa iskoki laifi. Babu yadda hannun da ke murza tafin ƙafa zai kai ga mabiyiya ya gyara ta. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2014 ya nuna cewa cututtukan hawan jini ne ke haddasa kimanin kashi 14 cikin ɗari na mutuwar mata ta dalilin ciki da haihuwa a duniya.

Maganin jijjiga sananne ne, kuma ba shi da tsada. A 2002 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi da mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, inda aka tabbatar cewa allurar magniziyam salfet tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A 2008 aka fara amfani da wannan allura a asibitocin gwamnati guda 10 na Jihar Kano, sai mace-macen masu jijjiga a asibitocin ya sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen kashi 2. Wannan hujja ce ta gida wadda ta isa abin dogaro.

Wani zai ce, tunda tausa ba ta cutarwa, mene ne laifinta? Laifin yana cikin jinkirin da take jawowa. Hawan jini yakan yi nisa ba tare da mai shi ta ji komai ba, kuma daɗin da ta ji bayan tausa zai iya sa ta fasa zuwa awo. Bugu da ƙari, idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura, tana zafi da ciwo a sha-raɓa, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Murza irin wannan ƙafa na iya tunkuɗa gudan jinin zuwa huhu, ya yi kisa nan take.

Saboda haka, abin da ya dace shi ne a ci gaba da tausa a matsayin kulawa da kwantar da hankali, a kuma haɗa ta da awon ciki, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi aƙalla sau 8. Idan mai ciki ta fara ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to a garzaya da ita Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.

Daga ƙarshe, akwai nauyi a wuyan malaman kimiyya da ɗalibansu. Ɗalibin sakandare da ya san ma'anar 140 bisa 90 zai iya karanta wa yayarsa ko matar yayansa katin awonta, ya kuma yi wa maigida bayanin dalilin da ya sa ba a jira gari ya waye. Malamai kuwa za su iya gayyato ma'aikacin lafiya ya nuna wa aji yadda ake awon jini, domin darasin ya isa gida tare da yaran.