Kafin ka kwashi yara zuwa wurin wasa da Sallar nan, karanta wannan zaren

1/ Jama'a, zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa. Sallah ta matso, na ga har an fara "ina za mu kai yara bana?" Ni a Gyallesu nake zaune, nan Zariya. Yarana uku: babbar shekara 8, na tsakiya 5, auta bai cika 3 ba. Bara sai da na ci bashi saboda yawon Sallah na wuni ɗaya tak.

2/ Kuma ba madam ce ta matsa ba, kar a ɗora mata. Ni ne na ga status ɗin wani abokina, yaransa a kan dokin nan mai juyawa, suna dariya. Zuciya ta ce min, kai naka ba ƴaƴa ba ne? Washegari da sassafe muna Kwangila muna neman motar Kaduna.

3/ Duk lissafin da na yi a gida na kuɗin shiga ne. Na tambaya, aka faɗa min, na ninka da kawunanmu, na ce ai ba tsada. Wallahi da muka dawo na zauna da biro, kuɗin ƙofar nan bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya fita daga aljihuna ba.

4/ Mota ce ta fara cin kasonta. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin kujera ya koma. Ƙara da cewa Sallah ce, direba ma yana neman goronsa. Kujera huɗu zuwa, huɗu dawowa, ga Keke daga tasha zuwa wurin.

5/ Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba su yaudare ni ba, ni ne ban tambaya da kyau ba. Tikitin ƙofa shiga kawai yake ba ka. Kowane lilo da nasa tikitin. Jirgin ƙasan yara daban, motocin nan masu karo da juna daban, gidan balan-balan da ake tsalle a ciki daban. Minti kaɗan, an ce a sauko.

6/ Muka bi layi mai tsawo a rana don abin da na tsakiyan ya fi so. Da muka iso gaba aka tsayar da shi jikin ma'auni, aka ce tsawonsa bai kai ba. Sun yi daidai, doka ce ta tsaro. Amma je ka yi wa ɗan shekara 5 wannan bayanin. Askirim biyu na saya kafin kukan ya tsaya.

7/ Auta kuwa kiɗan lasifika ne ya firgita shi. Ya ƙanƙame uwarsa, ta goya shi, ya yi barci har La'asar. Wato na biya masa kuɗin shiga don ya yi barcin da zai yi kyauta a tsakar gidanmu.

8/ Sai ruwa da abinci. Wurin ya san ba inda za ka je, yaro kuma ba ya jin "bari mu fita waje mu saya". Robar ruwan da nake saya a shagon unguwa, a can kuɗin biyu na ba da. Ga mai hoto yana bin mu, ga mai balan-balan ya tsaya daidai idon yara kamar an aiko shi.

9/ Ƙarshenta a tasha na kira ƙanena na ce ya yi min transfa, kuɗin komawa bai cika ba. Makonni kaɗan aka koma makaranta, kuɗin zango na uku ya zo ya same ni hannu wayam.

10/ Abin da ya fi tsaya min a rai ya zo bayan mako guda. Na tambayi na tsakiyan, "Me ya fi burge ka a Kaduna?" Ya yi shiru, can ya ce, "Abba, shanun nan da muka gani a hanya, da sojojin nan." Shanun gefen titi da sojojin Jaji. Ta tagar mota ya gan su.

11/ Ra'ayina ke nan, ko za a zage ni: yaron da bai kai shekara 6 ba, babban wurin wasa ba nasa ba ne. Rabin kayan tsawonsa bai kai ba, sauran rabin tsoro suke ba shi. Yawancin kuɗin da muke kashewa da sunansa, namu hoton muke saya. Ni dai nawa status ɗin na saya, da bashi.

12/ Na san wani zai ce, "Malam, talauci ne ke magana, bar yara su more." Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na cewa a kulle su a gida. Babbar tawa ta more da gaske. Ta hau komai, ta riƙe sunayensu, ta je makaranta ta ba ƙawayenta labari. A shekarunta, idan kowa ya je ita ba ta je ba, tana ji a ranta.

13/ To sai a raba tafiyar mana. Wa ya ce dole sai gida ya tashi gaba ɗaya? Mai shekara 8 ta tafi da ni ko da gwaggonta, kujera biyu. Ƙananan a yi musu nasu a nan kusa. Wannan kaɗai ya yanke fiye da rabin kuɗin.

14/ Kuma mu a Zariya muna da abin da mutane ke tasowa daga nesa su kalla: hawan Sallah, hawan Bariki, hawan Daushe. Dawakan Sarkin Zazzau da kwalliyarsu, ƴan lifida, algaita, ƴan bindiga. Daga Gyallesu Keke ɗaya ne zuwa wajen Ƙofar Doka. Ka samu gefe mai inuwa nesa da turmutsutsu, ka saɓa yaro a wuya. Ba tikiti, ba ma'aunin tsawo. Ka dai riƙe hannunsa gam, dawaki ba su san yaro ba.

15/ In kuma sai an fita gari, a zaɓi inda ido ke cin abinci, ba sai an hau wani abu ba. Gidan Zoo na Audu Bako a Kano, yaro ya ga dabba da ransa. Ko Ƙofar Gamji a Kaduna, bakin kogi, ga inuwa, ga tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. A shimfiɗa tabarma su yi ta guje-guje.

16/ Masu shirin Magicland ta Abuja, wadda da ake ce wa Wonderland, ku lissafa da mota zuwa Rigasa, tikitin jirgin ƙasa, tasi a Abuja, da wurin kwana in dare ya yi. Kuɗin lilo shi ne ƙarami a jerin.

17/ Kada ka je ranar Sallah ko washegari. Layi ne zai cinye wunin, kuma yaro a layi kuɗi yake ci. Bari sai an watse, tsakiyar mako, da safe. Ko Disney ta Amurka farashin tikitinta na hawa da sauka ne gwargwadon ranar da ka zaɓa, kuma yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. Su ma sun san bai ci moriyar da za a caje shi ba.

18/ Kira ko tura saƙo kafin ka taso. Tambaya uku: tikitin ƙofa ya haɗa da hawa kaya? Daga wane tsawo ake bari? Ana shiga da abinci? Idan ana shiga, kula ɗaya ta shinkafa, zoɓo ko kunun aya da aka daskarar tun dare, cincin ɗin Sallah da ya rage. Idan ba a shiga, a ci a ƙoshi kafin ƙofa.

19/ Dabarar da madam ta kawo, kuma ta fi duk nawa: kuɗin barka da Sallar da yara suka tara, a ware wa kowa wani abu a ambulan, a ba shi a hannu. "Wannan naka ne, in ya ƙare shi ke nan." Mun gwada da babbar a kasuwar Tudun Wada. Yarinyar da ke nuna komai da yatsa in kuɗina ne, sai ga ta tana taya ƴar tsana, har da juya baya kamar za ta tafi.

20/ Haɗa kai da ɗan'uwa ko maƙwabci ma yana sauƙaƙawa. Gida biyu, mota ɗaya, a raba kuɗin mai. Kuma manya huɗu sun fi biyu iya tsare yara a cunkoso.

21/ Ka bar katin ATM a gida in za ka iya. Tsabar da ka ware kawai, da kuɗin komawa a wani aljihun daban wanda ba ka taɓawa. Mai POS yana bakin ƙofa, kuma ba don Allah ya zauna a wurin ba.

22/ Shirinmu na bana: kuɗin makaranta na riga na ajiye su gefe tun farkon azumi. Ƙananan biyu za su kalli hawa da ni. Babbar kuma na yi mata alkawarin Kaduna ranar Larabar bayan Sallah, ni da ita. Na tsakiyan ya ji, ya ce shi ma zai bi. Na ce me za ka je yi? Ya ce zai duba ko shanun suna nan.