Firintar gida: ina tawadar take tafiya?

Wata uwa daga Kwali ta aiko da tambayar da ba ta magani ba ce, amma ta shafi aljihun iyali, kuma amsarta tana kama da abin da muke faɗa wa mutane kullum a kantin magani. Ta ce sun sayi firinta saboda yara, ba sa buga komai sai aikin makaranta da silif ɗin JAMB da takardun NIN jefi-jefi, amma kafin wata uku tawada ta ƙare. Tana zargin an sayar musu da jabu.

Hajiya, mai yiwuwa ne ba a cuce ku ba. Irin firintar da ke amfani da tawadar ruwa, wadda ake kira inkjet, ta fi cin tawada a hannun wanda ba ya yawan aiki da ita. Ga yadda abin yake.

A bakin katirij, wato kwanson tawadar, ko a kan da ke fesa ta, akwai ɗaruruwan ƙofofi da suka fi silin gashi siranta. Ta nan tawada take fita ta sauka a kan takarda. Mafi yawan tawadar ruwa ce, don haka idan firinta ta daɗe a ajiye, ruwan da ke bakin ƙofofin yakan bushe ya toshe su. Mutanen Kwali, garin Ladi Kwali mai ginin tukwane da ke bayan takardar Naira 20, sun san halin randa: ko ba a sha ruwan ba, yana raguwa, domin iska tana ɗaukarsa. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da kuma zafin Maris, bushewar ta fi sauri, ga ƙura.

Saboda wannan ne aka ƙera firinta tana wanke kanta da kanta. Ƙarar nan da kuke ji idan kun kunna ta kafin ta fara aiki, tawada take zuƙowa ta kurkure ƙofofin, ta zubar a wani soso da ke cikinta. Wanda ke buga shafi 50 a zama ɗaya, wanki ɗaya ya ishe shi. Wanda ke buga shafi 2 yau, ya bari sai bayan mako uku, kusan kowane bugu sai an yi masa wanki. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada wannan a shekarar 2013, ta tarar cewa idan ana bugu jefi-jefi, firintoci da yawa rabin tawadarsu ko ƙasa da haka ne ke kaiwa kan takarda.

Ɗauke wuta ma yana da hannu. Idan an kashe firinta da maɓallinta, takan mayar da kanta mazauninsa ta rufe shi da wata roba don kada iska ta shiga. Idan wuta ta ɗauke tana tsakar aiki, ko aka zare ta daga soket, kan na iya tsayawa a buɗe. Da wuta ta dawo, sai ta yi wanki mai tsawo.

Akwai wasu dalilai uku. Na farko, katirij ɗin da ke zuwa da sabuwar firinta sau da yawa ba a cika shi kamar na saye ba. Na biyu, yawan shafukan da aka rubuta a kwali an auna shi ne da bugu a jere ba tsayawa, ba irin aikin gida ba. Na uku, a ƙananan firintoci launuka uku suna cikin kwanso guda: shuɗi, ja-ja da rawaya. Idan ɗaya ya ƙare, dole a canza duka ko da sauran biyun ba su ƙare ba. Kuma wankin kai yana cin tawadar launi ko da baƙi kaɗai kuke bugawa.

Mu masu harhaɗa magunguna mun saba da irin wannan. Yawancin magungunan ɗiga wa ido, da zarar an buɗe, kwana 28 ne wa'adinsu ko da kwalbar tana cike. Garin amoksisilin na yara da aka haɗa da ruwa, mako ɗaya zuwa biyu ne, gwargwadon abin da aka rubuta a jiki. Abin da aka buɗe ya fara ƙirga kwanansa, an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Shi ya sa nake hana mutane sayen magani su jibge, kuma shawarar ɗaya ce a kan tawada: kada ku ɓare katirij sai ranar da za ku saka shi.

To me za a yi?

Ku tara aikin bugu ku yi shi lokaci guda, amma kada ku bar firinta ta wuce mako ɗaya ko biyu ba ta buga komai ba. Shafi ɗaya mai ɗan launi ya wadatar, ya fi arha a kan wankin da za ta yi idan ta toshe.

Ku riƙa kashe ta da maɓalli, ku jira ta yi shiru, sannan ku zare waya. Ku rufe ta da ƙyalle, nesa da taga da rana.

Idan rubutu ya fito da layi-layi, ku danna wanki sau ɗaya ko biyu ku duba. Maimaita shi sau biyar a jere tawada kawai yake ƙararwa.

A saitin bugu ku zaɓi baƙi da fari, da kuma bugu mara kauri, ga duk takardar da ba ta ofis ba ce.

Sannan ku zauna ku yi lissafi. Ku raba kuɗin katirij da yawan shafukan da kuka samu, ku gwada da abin da ake karɓa a shagon kwamfuta a Kwali ko Gwagwalada. Gidan da ba ya wuce shafi 10 a wata, sau da yawa shago ya fi masa sauƙi. Idan dole sai firinta a gida kuma baƙi da fari ya ishe ku, ta leza ta fi dacewa, domin garin tawada take amfani da shi, ba ya bushewa. Masu tanki da ake ɗura wa tawada daga kwalba, irin su Epson EcoTank, suna da arha a kowane shafi, amma su ma tawadar ruwa ce, suna son aiki a kai a kai.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce ta fi damuna. Gidaje da yawa suna sayen tawadar kwalba da sirinji su ɗura da kansu. Kalarta tana jan hankalin yara, wata kamar zoɓo, wata kamar lemo. Kada a juye ta a gorar ruwa ko kwalbar magani, kada a ajiye ta kusa da magunguna, kuma sirinjin tawada kada ya haɗu da na bai wa yaro sirof. A cire allurar a adana inda hannun yaro ba zai kai ba. Idan yaro ya lasa, a kurkure masa baki a ba shi ruwa, ba a sa shi amai, ba a ba shi manja. Idan ya sha da yawa, ko yana amai ko tari, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Idan ta shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15. Garin firintar leza kuwa a goge shi da ɗanyen tsumma, a wanke hannu da tufafi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana narkar da shi ya manne.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.