Hayaƙin siminti daga tanderu yake tashi

Shekara uku na yi ina ginin gidana, bulo ɗari yau, hamsin wani watan, gwargwadon abin da albashi ya bari. A nan na gane siminti mashayi ne. In an buga bulo, sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma, in ba haka ba ya marmashe a hannunka kamar busasshen tuwo. Mai gidan bulon da nake saye a wurinsa kullum kukansa kuɗin 'yan ga-ruwa.

Shi ya sa na kasa kunne da na ji wai yanzu ana shayar da kankare iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya. Kamfanin CarbonCure na Kanada yana fesa ta cikin kwaɓin tun yana ɗanye, ta haɗu da sinadarin kalsiyam ta zama dutse, ba ta sake fita. Har kyautar XPRIZE ya ci a 2021. Dabarar Solidia ta Amurka kuwa ita ce a rufe bulo a ɗaki a cika shi da iskar, ya yi ƙwari cikin kwana guda, alhali injiniyoyi kwana 28 suke jiran kankare.

Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Amma kada a yi mana rufa-ido da ita. Siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, kuma a tanderu ake yin ɓarnar, inda ake gasa dutsen farar ƙasa da zafin da ya kai digiri 1,450. Fiye da rabin hayaƙin daga jikin dutsen yake fita, ko da wace irin wuta aka gasa shi. Abin da CarbonCure ke mayarwa cikin kwaɓi ɗan mitsitsi ne, ribarsa ita ce a ɗan rage simintin da ake zubawa. (Masu bulonmu sun daɗe da ƙwarewa a rage siminti, sai dai nasu ragin katanga yake kayarwa.) Ga kuma rodi: kankaren da ya ƙoshi da iskar kabon ba ya tsare ƙarfe daga tsatsa, don haka rufewa a ɗaki ta fi dacewa da bulo, ba ginshiƙi ko dakin ba.

Da ni ake tambaya, yumɓu zan nuna. Simintin LC3, wanda masana a Suwizalan, Kyuba da Indiya suka haɗa, gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa ne ke maye gurbin kusan rabin abin da ke fitowa daga tanderu, kuma yana rage hayaƙi har kashi 40 cikin ɗari. Gana ta riga ta gina masana'antar gasa yumɓu a Tema. Mu da ke da masana'antun siminti a Obajana da Kalambaina da Ashaka, ga yumɓu har ƙofar gida, hukumar kula da ingancin kaya ta zauna da masu siminti a kan wannan tukuna.